Darasin Kimiyya: Me Ke Sa Ƙafa Ta Amsa Kiɗan Buluz?

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan sauti ne da motsin jiki, kuma za mu bi ta hanyar warware matsala guda. A ce an miƙa muku waƙoƙin buluz ashirin, aka ce ku tsamo waɗanda za a saka a wurin rawa, inda mutane za su taka bibbiyu har dare ya raba. Da wane ma'auni za ku zaɓa? Yawancin mutane sunan mawaƙi suke bi, ko kuma waƙar da ta fi yi musu daɗi a kunne. Duka biyun suna yaudara. Akwai shahararriyar waƙar da in an saka ta fili yake watsewa, akwai kuma wadda ba kowa ya san mai ita ba, amma tana farawa sai kujeru su zama wayam. Wannan bambanci ana iya auna shi, kuma aunawar ita ce aikinmu.

Kowane rukuni ya tanadi agogo mai nuna daƙiƙa, da zare mai tsawon mita 1, da ƙaramin dutse, da waya mai ɗauke da waƙoƙin da za a ambata, da littafin rubutu.

Kashi na ɗaya: inda kiɗan ya fito

Buluz kiɗan baƙar fatar kudancin ƙasar Amurka ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Ya kankama ne a ƙarshen ƙarni na 19, bayan soke bauta a 1865, musamman a gonakin auduga na jihar Misisipi. W. C. Handy ya ba da labarin cewa wajen 1903, yana jiran jirgin ƙasa a tashar Tutwiler, ya ji wani mutum yana kaɗa jita yana goga wuƙa a kan tsarkiyoyinta. Shi Handy ɗin ne ya wallafa "Memphis Blues" a 1912. A 1920 Mamie Smith ta yi faifan "Crazy Blues", cinikin da faifan ya yi kuma shi ya buɗe idon kamfanonin faifai.

Abin da ya shafe mu a tarihin nan shi ne cewa buluz kiɗan rawa ne tun asali. Ranar Asabar da dare ma'aikatan gona kan taru a wasu ɗakunan katako da ake kira juk, makaɗi ɗaya ko biyu su kwana suna yi, jama'a na takawa. Wata daga cikin raye-rayen wurin ita ce slow drag, wadda ake yi a hankali ana jan ƙafa a ƙasa. Marubuci Albert Murray ya rubuta littafi sukutum a 1976, Stomping the Blues, don nuna cewa kiɗan na korar baƙin ciki ne a filin rawa, ba na zama a yi tagumi ba. Da baƙar fata suka yi ta ƙaura zuwa biranen arewa, kiɗan ya bi su. Muddy Waters ya isa Shikago a 1943, ya tarar hayaniyar gidajen rawa ta fi ƙarfin jitar katako, sai ya koma ta lantarki.

Kashi na biyu: saurin bugu

Ku ɗaure dutsen a bakin zaren, ku riƙe ɗaya bakin, ku ɗan ja dutsen gefe ku sake shi ya yi lilo. Ku ƙirga sau nawa yake tsallakawa daga gefe zuwa gefe a cikin minti guda. Za ku sami kusan 60, wato tsallakawa ɗaya a kowace daƙiƙa. Yanzu ku rage zaren ya koma santimita 25. Ƙirgen zai koma kusan 120. Ku lura, ba rabin tsawon aka bari ba, kashi ɗaya cikin huɗu aka bari kafin saurin ya ninka. Ku canza dutsen da wanda ya fi shi nauyi, ƙirgen ba zai sauya ba. Tsawo ne ke yanke hukunci, ba nauyi ba.

Ƙafar mutum ma lilo take yi daga ƙugu idan yana tafiya, don haka tana da saurin da ya fi mata sauƙi. A 2005 wasu masu bincike biyu, MacDougall da Moore, sun ɗaura wa mutane na'urar auna motsi suka bar su suna harkokinsu na yini, suka tarar motsin ya fi taruwa a kan sau 2 a daƙiƙa, wato taku 120 a minti. Shi ya sa kiɗan da ke kusa da bugu 120 a minti ba ya wahalar takawa ko ga wanda bai iya ba.

To, a nan gizo ke saƙa. Buluz mai sanyi yakan sauka can ƙasa. "Call It Stormy Monday" ta T-Bone Walker, ta 1947, tana wajen bugu 66 a minti, kusan rabin saurin tafiya ke nan. Ƙafa ba za ta iya lilonta na kullum a wannan sauri ba. Dole mai rawa ya yi amfani da abin da ya fi ƙafa tsawo, wato jikinsa gaba ɗaya: ya kwantar da nauyinsa a ƙafar dama, ya mirgino da shi a hankali zuwa ta hagu, ƙugu da gangar jiki suna bi. Jan ƙafar nan na slow drag ba ado ba ne kawai, dabara ce ta cike lokacin da ke tsakanin bugu da bugu.

Ga yadda ake awo. A saurara, a bar diddige ya kama bugun da kansa, a ƙirga na daƙiƙa 15, a ninka sau 4. A yi haka a farkon waƙa, a sake yi a kusa da ƙarshenta. Idan ƙirgen biyu sun yi nisa da juna, makaɗin ya yi ta ƙara wuta ke nan bai sani ba, abin da ya yawaita a faifan makaɗin da ke shi kaɗai babu mai ganga. A shawarata, ga daren rawar bibbiyu, yawancin waƙoƙi su kasance tsakanin 60 da 110, a riƙa jefa masu sauri jefi-jefi. "The Thrill Is Gone" ta B. B. King, ta 1969, tana wajen 90, kuma da wuya ta ba mai zaɓe kunya.

Kashi na uku: ƙwaƙwalwa hasashe take yi

Mu yi gwaji na biyu. Mutum ɗaya ya juya baya, wani ya riƙa tafa hannu ba a kan tsari ba, na farkon ya yi ƙoƙarin tafawa tare da shi. Kullum a makare zai zo, domin daga jin sauti zuwa motsa hannu ana cin kusan kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. Yanzu mai tafin ya daidaita, ya riƙa yi a kan tsari. Bayan tafi uku ko huɗu za su haɗu cif. A ɗakunan bincike ma an sha ganin mai bin bugu yana ɗan riga sautin da ƙiris. Ma'ana, mai rawa ba jiran bugu yake ya ji sannan ya taka ba, lissafin lokacin zuwansa yake yi ya tare shi a hanya. Jessica Grahn da Matthew Brett sun nuna a 2007, da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, cewa sassan da ke shirya motsi suna farkawa idan mutum na sauraron bugu mai tsari, ko da yana kwance bai motsa ko yatsa ba.

Hasashen nan yana ƙara wuya idan tazara ta yi tsawo. A bugu 66 a minti, tsakanin bugu da bugu akwai daƙiƙa 0.9, wanda ga ƙwaƙwalwa dogon jira ne. Makaɗan buluz sun magance wannan ta hanyar raba kowane bugu gida uku. Mai ganga ko mai fiyano yana taɓa ƙananan bugu uku-uku, kowanne daƙiƙa 0.3, sai kunne ya sami abin dafawa. Wannan ne kuma ke ruɗa masu awo: wanda ya ƙirga ƙananan zai sami kusan 200 ya ce waƙar mai gudu ce, alhali 66 ce. Manhajojin auna bugu na waya su ma sukan faɗa irin wannan rami, don haka diddige ya fi su amana.

Idan aka buga na farko da na uku cikin ukun nan aka tsallake na tsakiya, sai a sami dogo da gajere, dogo da gajere, kamar takun mai ɗingishi. Makaɗa na kiransa shaful, kuma shi ne ƙashin bayan buluz na Shikago. A lissafi dogon ya ninka gajeren, 2 da 1. A aikace ba haka yake kullum ba. Anders Friberg da Andreas Sundström, 'yan ƙasar Suwidin, sun auna faya-fayan masu gangar jaz a 2002, suka ga idan kiɗa ya yi sanyi dogon yakan zarce ninki uku, idan ya yi sauri kuma su biyun sukan kusa zama daidai. Wanda ke son jin shaful tsantsa ya nemi Jimmy Reed, misali "Bright Lights, Big City" ta 1961. Reed ba gwanin nuna bajinta ba ne, waƙoƙinsa ma kusan kamarsu ɗaya, amma ga mai rawa wannan ba aibi ba ne.

Sai dai tsari kaɗai ba ya ta da mutum daga kujera, in ba haka ba da ƙarar agogon bango ta isa rawa. Ana bukatar zilliya, wato sautin da ke faɗowa inda ba a zata ba, ko ya yi shiru inda aka zata. Maria Witek da abokan aikinta sun gwada wannan a 2014 da gajerun kaɗe-kaɗen ganga irin na fonk. Waɗanda ba su da zilliya ba su motsa mutane sosai ba, waɗanda zilliyar ta yi wa yawa ma haka. Na tsakiya su ne suka fi sa sha'awar rawa. A buluz aikin a rabe yake: ganga da bes, wato abin kiɗa mai tsarkiya mai kaurin sauti, suna riƙe ƙasa, ana ƙarfafa bugu na 2 da na 4 cikin kowane huɗu, ita kuwa murya ko jita tana jan jiki tana zuwa a ɗan makare da gangan. Wannan ja-in-ja shi masu rawa ke wasa da shi, ƙafa na bin ganga, kafaɗa na bin murya.

Kashi na huɗu: gaɓa goma sha biyu

Ana tara bugu huɗu-huɗu, kowane huɗu gaɓa ɗaya. Mafi yawan waƙoƙin buluz suna zagaye ne a kan gaɓa 12, bugu 48 ke nan. Mawaƙi ya faɗi layi a gaɓa huɗu na farko, ya maimaita shi a huɗu na biyu, ya kawo layin da ya warware zancen a huɗu na ƙarshe. A kowane huɗu muryar takan cinye kusan rabi, jita ko hamonika ta yi amshi a sauran. Ƙarƙashin wannan akwai haɗin amo iri uku da makaɗa ke kira kod: na gida, da na huɗu, da na biyar. Idan na gida yana kan tsarkiya mai karkarwa sau 220 a daƙiƙa, na huɗu yana wajen 293, na biyar yana wajen 330. Ku raba za ku ga 4 bisa 3 da 3 bisa 2.

Mu yi lissafi. A bugu 96 a minti, zagaye ɗaya yana cin daƙiƙa 30. Tsohon faifan garmaho mai juyi 78 a minti yana ɗaukar kusan minti 3 a kowace fuska, wato zagaye shida. Wannan iyakar ta faifai ta yi wa masu rawa rana, don minti uku zuwa huɗu shi ne daidai abin da mutum biyu da ba su san juna ba za su taka su rabu ba gajiya. Waƙar da aka ɗauka a dandali mai minti 11, wadda mai jita ya cinye rabinta yana nuna gwaninta, ta sauraro ce.

Amfanin zagayen shi ne mai rawa ya san inda aka dosa. Yana jin an hau kod na biyar ya san an kusa komawa gida, sai ya shirya juyi. Amma kada ku mai da gaɓa 12 sharaɗi. "Hoochie Coochie Man", wadda Willie Dixon ya rubuta, Muddy Waters ya rera a 1954, gaɓa 16 ce, kuma rabinta na farko tsayawa ake yi ana tashi, makaɗa su buga su yi shiru murya ta shiga. "Smokestack Lightning" ta Howlin' Wolf, ta 1956, a kan kod ɗaya take daga farko har ƙarshe. John Lee Hooker a "Boogie Chillen'" ta 1948 shi kaɗai ne da jitarsa da ƙafarsa da ke dukan ƙasa, ba ruwansa da ƙirgen gaɓa. Duk ukun suna cika fili, domin bugunsu ba ya yankewa a ran mai sauraro ko a inda aka yi shiru.

Kashi na biyar: sauti mai kauri da sauti siriri

Sauti karkarwa ce da ke ratsa iska ta isa dodon kunne. Yawan karkarwa a daƙiƙa ana rubuta shi da Hz. Kunnen matashi yana ji daga wajen 20 zuwa 20,000. Tsarkiya mafi kauri a jita tana ba da 82, ta bes kuwa 41. Masu kaurin nan su ne ke riƙe da rawa. A 2022 Daniel Cameron da abokan aikinsa a Jami'ar McMaster ta Kanada sun shirya wasan kiɗa, suka riƙa kunna wasu lasifikoki masu fitar da sauti tsakanin 8 da 37 Hz suna kashewa, a ƙarfin da mutane ba su iya gane an kunna ba. Duk lokacin da aka kunna, motsin masu rawa ya ƙaru da kusan kashi 12 cikin 100. Masu binciken na ganin irin wannan sauti yana bi ta fata da kuma sashen cikin kunne mai kula da daidaiton tsayuwa.

Wannan yana da tasiri kai tsaye ga zaɓe. Kafin 1925 babu makirufo a ɗaukar faifai, cikin wani ƙaho ake rerawa, kuma ƙahon ba ya kama sauti mai kauri yadda ya kamata. Faya-fayan Charley Patton, da ya fara yi a 1929 a kamfanin Paramount, sun zo bayan makirufo, amma kayan da aka buga su da su marasa kyau ne, shi ya sa ƙarar soye-soye ta lulluɓe su. Patton makaɗin rawa ne na gaske a zamaninsa, sai dai abin da ya iso mana ba zai riƙe babban zaure ba. Haka kuma kada a yanke wa waƙa hukunci da lasifikar waya, wadda ba ta iya fitar da bes. A gwada ta a lasifikar da za a yi rawar da ita.

Akwai kuma sautin da ke ba buluz ɗanɗanonsa. Idan gida yana 220 Hz, fiyano na da maɓalli a 262 da wani a 277, babu komai tsakaninsu. Mawaƙin buluz tsakanin nan yake zama, yana zamewa daga wannan zuwa wancan, mai jita kuma ya tanƙwara tsarkiya ko ya goga mata wuyan kwalba don ya same shi. Masani Gerhard Kubik, a littafinsa Africa and the Blues na 1999, ya danganta irin wannan salo da kiɗan yankin Sahel da sabana na Afirka ta Yamma, har ya kwatanta tsohon buluz na Misisipi da kiɗan wani mai goge Bahaushe da ya ɗauka a Kamaru cikin shekarun 1960. Ga mai rawa, wannan zamiya ita ke ba shi dalilin miƙa motsi maimakon yanke shi.

Gargaɗi ɗaya kan ƙara: ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma sautin desibel 85 ana iya jure shi awa 8, amma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Bes mai kyau ake nema, ba ƙure lasifika ba.

Kashi na shida: nema da ba da shawara

Manhajoji irin su Spotify da YouTube suna ba da shawara ne galibi bisa abin da sauran masu sauraro suka kunna, kuma mafi yawansu a zaune suke sauraro. Shi ya sa mai neman buluz a can yakan tsinci kansa cikin dogayen kaɗe-kaɗen jita masu kama da rok. Hanyar da ta fi ita ce bin sawun 'yan baya. Idan waƙa ta ci jarrabawar diddige, a duba wa ya buga ganga, wa ya riƙe bes, wane kamfani ya fitar. Wanda ya bi Fred Below mai ganga, da Otis Spann mai fiyano, da Willie Dixon mai bes, zai zagaye taskar kamfanin Chess na Shikago, ya haɗu da Little Walter da Koko Taylor. Wanda ya bi kamfanin Excello zai iske Slim Harpo da "I'm a King Bee" ta 1957. Kamfanin Fat Possum kuwa shi ya fito da Junior Kimbrough da R. L. Burnside cikin shekarun 1990. A lokacin rayuwarsa Kimbrough yana da gidan rawa nasa na kansa a Chulahoma, Misisipi, don haka kiɗansa a gaban masu rawa ya girma, kuma ana jin hakan.

Idan za ku ba wani shawarar waƙa, "tana da daɗi" ba bayani ba ne. Ku faɗi sunan mawaƙi da shekarar ɗauka, don waƙa ɗaya takan sami ɗauka biyar masu sauri daban-daban. Ku faɗi bugunta a minti, da tsawonta, da ko shaful ce ko miƙaƙƙiya, da ko tana da doguwar shimfiɗa marar bugu a farko wadda za ta bar mutane tsaye cirko-cirko. Ku kuma saurari kalmomin, don wasu waƙoƙin buluz akwai batsa ko zancen kisa a ciki, kuma ba kowane taro ne zai ɗauka ba. Wajen jerawa, kada a tara masu sanyi huɗu a jere, kada kuma a yi tsalle daga 60 zuwa 140 kai tsaye. A hau a hankali, a sauko a hankali, ana kallon fili.

Aikin gida

Kowane rukuni ya auna "I'd Rather Go Blind" ta Etta James da "Bright Lights, Big City" da "Smokestack Lightning", a farko da kuma ƙarshe, ya rubuta bugun kowacce a minti. Ku gano wacce ce cikinsu ke bin gaɓa 12, ku lissafa daƙiƙa nawa zagayenta ɗaya ke ci. Sannan ku nemo tsawon zaren da lilonsa zai yi daidai da bugun waƙar Etta James, ku zo da zaren da dutsensa aji mako mai zuwa.